Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Arewa: Kafin Wata Annobar, a Dubi Mai Shara da Mai Dakon Silinda

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin jihohin Arewa 19, da Kwamishinonin Lafiya, da shugabannin hukumomin kula da asibitoci da na lafiya a matakin farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah ya taya ku riƙo, mu masu wannan takarda ma'aikatan lafiya ne da aikinmu ya shafi hana cuta yaɗuwa a cikin asibiti. A cikinmu akwai nas-nas, da masu aikin ɗakin gwaji, da jami'an tsabtar muhalli. Tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke korona daga matsayin gaggawa. An naɗe tantuna, an rufe cibiyoyin killacewa, kowa ya kama gabansa. Sai dai zazzaɓin Lassa bai fasa dawowa duk rani ba, kwalara na biyo damina, mashaƙo kuma tun ƙarshen 2022 ya nuna wa Kano da maƙwabtanta cewa ba sai cuta ta hawo jirgi daga waje take cika gadajen asibiti ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muka kawo maganar yanzu da hankali ke kwance.

Koken namu ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. A 2020 an raba kayan kariya da alawus bisa matakin albashi, alhali ita cuta wanda ya fi kusa da majina da amai da jini take bi. Mai shara, mai tura gado, mai dakon silindar oksijin, mai wankin zannuwa, direban motar asibiti, mai gadin ƙofa, mai ba da kati, mai haƙa kabari, su ne hannunsu ke cikin abin dumu-dumu, kuma su ne a ƙarshen layi ranar rabo.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, a Kano kuma 11 ga Afrilu. Zuwa farkon Yuni, shugaban hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) na lokacin, Dakta Chikwe Ihekweazu, ya sanar cewa ma'aikatan lafiya 812 sun kamu. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne wurin da ake kamuwa. Dakta Stella Adadevoh, wadda Ebola ta kashe a Agustan 2014, a asibitin kuɗi na yau da kullum ta haɗu da mutumin da ya shigo da cutar, wanda da farko aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ke damunsa. Likitoci biyu da Lassa ta kashe a Kano a Janairun 2020, tiyatar haihuwa aka yi wa wata mata, ba wanda ya san abin da take ɗauke da shi. Ko a Jos a 1970, Dakta Jeanette Troup, wadda ita ma Lassa ta kashe, yanka ta samu a hannu tana binciken gawa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kamu a cibiyar killacewa. A can kowa a shirye yake, ya san da me yake wasa. Haɗarin yana bakin ƙofa, da ɗakin kati, da ɗakin haɗari, da ɗakin haihuwa, da ƙaramin asibitin ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da magani.

Abin da ƙofa ke buƙata bai taka kara ya karya ba. Tebur a inuwa, ma'aunin zafin jiki, ma'aikacin da aka koya wa tambayoyi huɗu ko biyar, kwalin takunkumi don a miƙa wa duk mai tari tun kafin ya shiga layin kati, sai benci na daban a inda iska ke kaɗawa, da tazarar mita 1 aƙalla tsakanin mutum da mutum. Ɗakin ganin likita kuwa, maimakon a rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki tana juya iska ɗaya, a buɗe taga biyu masu kallon juna. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mara lafiya a ɗakin kwanciya, lita 160 kuma a ɗakin masu cutar da ke bin iska. Yawancin tsofaffin gine-ginenmu masu dogayen tagogi suna iya ba da wannan kyauta, in ba a jingina kabad ko an buga falanki a jikin tagar ba.

Yanzu a dubi mai shara. Kafin likita ya zo zagaye da safe, ita ta riga ta shiga ɗakin, ta kwashe tasar amai, ta zubar da fo, ta goge ƙarfen gado da hannun ƙofa, ta ɗaure buhun shara. Galibi safar hannu siririya ta duba mara lafiya ce a hannunta, wadda ke yagewa tun a matsar tsumma ta biyu, da silifas a ƙafa. Abin da aikinta ke buƙata daban ne: safar roba mai kauri da ta kai gwiwar hannu, rigar leda ta gaba, takalmin roba mai tsawo, tabarau, da takunkumi. Duk waɗannan banda takunkumin ana wanke su a sake sawa, don haka sayen sau ɗaya ne a watanni.

Sai haɗin kulorin, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna. Jik na kanti ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin ɗari, amma a riƙa duba jikin robar don wasu sun bambanta. Kofi 1 a kofi 6 na ruwa yana ba da kashi 0.5, na zubawa a kan jini da amai da bayan gida, a bar shi minti 10 kafin a kwashe. Kofi 1 a kofi 34 yana ba da kashi 0.1, na goge gado da tebur da ƙofa, kuma dole wurin ya zauna a jiƙe minti 1 aƙalla. In aka ɗebi kofi 1 na haɗin mai kashi 0.5 aka ƙara masa kofi 9 na ruwa, an sami kashi 0.05, na jiƙa zannuwa. In garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 70, don samun kashi 0.5 gram 140 ne a bokitin lita 20, wajen cokali 10 na cin abinci, a dama a bar shi ya kwanta rabin awa. To amma wa ya taɓa ba mai shara kofin awo? Da ido da hanci take haɗawa. In ya yi ƙarfi, ya ci mata hannu, fatar ta tsattsage, idonta ya yi ja, ta kwana tari. Tsagar nan ta hannu kuma ƙofa ce ga Lassa. In ya yi rauni, wari kawai aka shafa wa ɗakin. Haɗin da ya kwana ko ya yini a rana babu murfi ya riga ya mutu, kullum sabo ake yi. Zuba shi a kan ƙazanta ba a fara wankewa da ruwa da sabulu ba asara ce, domin ƙazantar ke cinye ƙarfinsa. Garwaya shi da sinadarin wanke masai mai asid kuwa yana tayar da iskar da ke iya sumar da mutum a cikin banɗaki. Tsintsiya ma ba ta da wuri a irin wannan ɗaki, ƙura take tayarwa. Mofa mai laima ake so da bokiti biyu, a fara daga wuri mai tsabta a ƙare a mai datti. Duk wannan bayani yana nan manne a bangon asibitoci da Turanci, a gaban matar da ba ta karanta Turanci. A koyar da ita da Hausa, bokiti a gabanta, a ja layi da fenti a jikin kofi da bokitin, a maimaita duk wata shida. Kuɗin da aka kashe a 2020 wajen fesa wa tituna magani da kafa rumfunan fesa wa mutane a ƙofar ofisoshi, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ya kariya, yana ma cutar da ido da huhu, da wannan horon aka yi da shi da an ga amfaninsa.

Allura ma mai shara take soka, ita da ba ta yi wa kowa allura ba. Kwalin zuba allurai na lita 5 ana rufe shi ne in ya kai kashi uku cikin huɗu. In babu wani a sito sai a danna da hannu, ko a jefa sirinji cikin buhun leda, ita kuma ta ɗauko buhun yana dukan ƙafarta. Kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti shara ce irin ta gida, in an raba ta tun a bakin gado: baƙar leda ga ta gida, ruwan ɗorawa ga mai cuta, ja ga mai tsananin haɗari. In aka haɗe su, duka sun zama masu cuta. Ƙonawa a rami bayan asibiti ba ya kai zafin digiri 850 da ake buƙata, allurai na nan da tsininsu a cikin toka, yara masu tsintar bola na bi. Muna roƙon a yi wa kowane ma'aikaci rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata 1, da bayan wata 6, a fara da masu shara da masu wanki. Maganin kariya daga ƙanjamau bayan sukar allura ana fara shi ne cikin awa 72, da wuri ya fi, a sha kwana 28. Ya kasance yana ɗakin haɗari dare da rana. In yana kulle a kabad ɗin wanda ya tashi aiki ranar Juma'a da azahar, wanda allura ta soka a daren sai Litinin zai gan shi, lokaci ya kusa ƙurewa.

Ruwa kuwa lissafinsa a fili yake. Mara lafiyar da ke kwance yana cin lita 40 zuwa 60 a rana, na ɗakin killace cutar numfashi lita 100, na Lassa da danginta lita 300 zuwa 400. Ɗaki mai gado 20 na masu cutar numfashi ke nan lita 2,000 a rana, jarka 80 ta 'yan garuwa. Ba abin da za a bar wa masu jinya da bokiti ba ne. Rijiyar burtsatse ce da famfon sola da tankin da zai riƙe na kwana biyu. Man goge hannu kuma bai kamata a sake sayensa da tsadar da aka saye shi a 2020 ba, don kowane sashen haɗa magunguna na babban asibiti zai iya yin sa: a lita 10, ana zuba mililita 8,333 na sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 96, da 417 na haidirojin feroksaid mai kashi 3, da 145 na gilisarin, a cike da tafasasshen ruwan da ya huce, a ɗura a kwalabe a ajiye awa 72 kafin a raba.

Mu koma kan kayan kariya, domin yadda ake sayensu ne ke sa su yanke. Akan sayo katan kaza a kira 'yan jarida, ba tare da an tambayi kwana nawa zai yi ba. Ga lissafin ɗaki mai gado 20. Kowane zubi na aiki nas 4, likita 1, masu shara 2, mai taimako 1, mutum 8 ke nan. Zubi uku a rana, mutum 24. In kowa ya shiga sau uku, riga 72 a rana, 2,160 a wata. In an taɓa kowane mara lafiya sau 12 a yini da kwana, ana sauya safa tsakanin mutum da mutum, ƙafa 240 ke nan, kusan kwali 5 a rana tunda kwali mai guda 100 ƙafa 50 ne. Takunkumi biyu ga kowa a zubinsa, 1,440 a wata. Ɗaki ɗaya ke nan, ba a sa ɗakin haɗari da na haihuwa da ƙananan asibitoci ba. Kowace jiha ta yi irin wannan lissafi, ta ajiye na wata uku, tana fitar da tsoho zuwa asibitoci tana mayar da sabo, domin safar hannu da robar takunkumi suna ruɓewa a sito mai rufin kwano. Mabuɗin ƙaramin sito kuma ya kwana a hannun shugabar nas ta dare. Rigar da ke kulle a ofis ƙarfe biyun dare daidai take da wadda ba a saya ba.

Takunkumin N95 sai ya manne da fuska yake aiki. Akwai gwajin da ake yi: a sa wa mutum takunkumin, a kifa masa wata hula, a fesa sinadari mai ɗaci ko zaƙi, in ya ji ɗanɗano, iska na shiga ta gefe, sai a sauya masa girma ko samfuri. Minti 15 ne, a rubuta sakamakon a katinsa. Gaskiyar da ake kauce wa faɗa a Arewa ita ce gemu yana hana shi mannewa, ko da na kwana uku ne. Ba muna cewa a tilasta wa kowa aski ba. A gaya wa mutum gaskiya ya zaɓa: ko ya aske inda bakin takunkumin ke zama, ko a ba shi hular nan mai injin tace iska da ke rufe kai gaba ɗaya, ko a ɗauke shi daga ayyukan da ke tayar da tururin majina, irin su zura bututun numfashi da zuƙe majina. Mata kuma, waɗanda su ne mafi yawan nas-nas, a tanadar musu gajeren hijabin aiki da ake cusawa cikin riga, a wanke shi a asibiti. Dogon hijabin da ya share gado ya hau adaidaita ya isa gida, yaro ya ruƙunƙume shi a zaure, hanya ce ta kai cuta cikin iyali. A sayo riguna da safa ƙanana da matsakaita, ba manya zalla ba. A kuma binciki kayan ɗan kwangila kafin a biya shi: N95 na gaskiya yana da lambar amincewa a jikinsa, kuma igiyarsa ta bayan kai take zagayawa, mai bawul a gaba yana fitar da numfashin mai shi ba tacewa, bai dace da asibiti ba.

Wanda bai taɓa sa rigar leda mai rufe jiki duka a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, da wuya ya gane abin da ake nufi. Zafi ya haura digiri 40, babu wuta, babu fanka. Cikin rabin awa tabarau ya yi hazo, gumi ya taru a yatsun safa, takalmi na ƙugi in an taka. Takunkumin da ya jiƙe kuma ya daina tacewa. A 2020 azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, daidai lokacin da abin ya yi tsanani a Kano. A irin wannan yanayi kada mutum ya wuce minti 45 zuwa awa 1 a ciki, ya fito ya huta a inuwa da ruwan sanyi da ruwan gishiri da sukari, a ɗora manyan ayyuka bayan asuba da bayan shan ruwa, a tsara shiga da fita su dace da lokutan salla don kada a yi asarar riga saboda alwala. Ga korona ma ba a buƙatar wannan rigar a yawancin aiki, doguwar riga mai ɗaurin baya ta isa, ta fi sanyi, ta fi araha, ta fi sauƙin cirewa. Cirewar ce ma wurin kamuwa: mutum ya gaji, yana ɗokin shan iska, sai ya fizge takunkumi da safar da ya taɓa mara lafiya. Tsarin shi ne safa da riga tukuna, a tsabtace hannu, sai tabarau, sai takunkumi ta igiyarsa ta baya ba tare da taɓa gabansa ba, a sake tsabtace hannu. A sa madubi a wurin, da mutum ɗaya da ba shi da aikin komai sai kallo da faɗin abin da ke biye.

Akwai abin da masu tsara yawan ma'aikata ke mantawa. A asibitocinmu 'yan uwa masu jinya ne ke ba mara lafiya abinci, su yi masa wanka, su juya shi, su kai shi banɗaki, su sayo magani. Ranar da aka killace shi aka kore su, duk wannan aikin ya dawo kan nas da mai taimakonta. Nas ɗin da ke riƙe gado 15 da taimakon dangi ba za ta iya riƙe 6 ita kaɗai ba. In ba a ƙara hannu ba, zubin awa 8 ya zama 16, kuskure ya yawaita, mutum ɗaya ya kamu, a killace abokan zubinsa, ragowar su ƙara nauyi. A raba ma'aikata rukuni-rukuni da ba sa cuɗanya, har wurin cin abinci da ɗakin hutu, inda ake cire takunkumi a zauna kafaɗa da kafaɗa. Masu ciki, da masu ciwon sukari, da waɗanda suka manyanta, a mayar da su inda ba a ganin masu cutar, ba tare da an taɓa musu alawus ba.

Babbar silindar oksijin tana ɗaukar lita 6,800. Mara lafiyar da ke shan lita 10 a minti zai shanye ta cikin awa 11. Mutum goma irinsa, silinda 21 a rana. Kowace ta haura kilo 60, kuma lebura ne ke mirgina ta a ƙasa, ya hau da ita bene a kafaɗa, ya shiga har bakin gado, sau da yawa babu ko takunkumi don ba a lissafa shi cikin masu shiga ɗaki. A ba shi kura mai sarƙa da takalmi mai ƙarfe a baki, a ɗaure silinda a bango, a koya masa cewa maiko ko man shafawa a bakin silinda na iya tayar da gobara. Direban motar asibiti shi ma a raba mazauninsa da bayan motar, a buɗe tagogi, ya cire safa kafin ya kama sitiyari, a ware masa wurin wanke motar da kulorin bayan kowace tafiya. Samfurin gwaji kuma mazubi uku ake sa shi, ɗaya cikin ɗaya, a akwatin sanyi mai digiri 2 zuwa 8, ba a leda a aljihun ɗan aike ba.

A Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa maƙabartun Kano sun wuce ƙima. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. Mutanen da suka riga kowa gani, da yawansu da sadaka suke rayuwa. A ɗauki sunayensu da na masu wankan gawa na unguwanni, maza da mata, a ba su safa mai kauri da rigar leda da takunkumi da tabarau, a kuma riƙa karɓar adadin binnewa daga gare su duk mako. A bambance musu: gawar mai korona ana iya yi mata wanka da waɗannan kaya, a guji fallatsa ruwa, ta mai Lassa kuwa sai horarrun ma'aikata, kuma ƙa'idar binnewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi taimama da likkafani da salla ga Musulmi. Wannan zama ne da za a yi da malamai da limamai tun yanzu, ba ranar da dangi suka taru a ƙofar ɗakin ajiye gawa ba.

Dokar kulle ta zo da nata. Daga 4 ga Mayun 2020 an hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, lokacin da masu aikin dare ke kan hanya. Kafin watan ya ƙare sai da reshen Legas na ƙungiyar likitoci ta NMA ya ce wa mambobinsa su zauna a gida saboda tsangwamar da ake yi musu a shingayen bincike. Waɗannan masu mota ne da katin shaida. Ina ga mai shara ta ɗan kwangila, wadda ba ta da kati, babu adaidaita a titi, ta taho a ƙafa daga bayan gari? Duk wanda ke aiki a harabar asibiti a yi masa kati mai hoto tun yau, ko wa ke biyansa. A ajiye tsarin motocin jigila da tashoshinsu a rubuce, da masaukin da mai aikin killacewa zai kwana in gidansu ɗaki ɗaya ne da tsohuwa a ciki.

Sai maganar kuɗi. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari N5,000 ne a wata, wato bai kai N170 a rana ba. A Afrilun 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashi 50 cikin ɗari na tushen albashi ga ma'aikatan lafiya na asibitocinta, da ƙarin kashi 20 ga masu aiki a cibiyoyin killacewa, da kashi 10 ga waɗanda aka ce ba ainihin ma'aikatan lafiya ba ne, na tsawon wata uku. Jinkirin biya da ƙarancin kayan kariya suka kai likitoci masu neman ƙwarewa yajin aiki ranar 15 ga Yuni, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU ma ta bi a Satumba. A Disambar 2021 aka ɗaga alawus ɗin zuwa tsakanin N15,000 da N40,000 gwargwadon mataki. Duk wannan na tarayya ne. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma sai abin da gwamnansa ya ga dama. Ku dubi kuma abin da kaso ke haifarwa: mai N30,000, mafi ƙarancin albashi na lokacin, kashi 10 ɗinsa N3,000 ne, ga wanda ke kwashe amai. Ma'aikacin wucin gadi da ɗan sa-kai kuwa ba su da tushen albashin da za a ɗora kaso a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shawararmu ita ce alawus ɗin annoba ya zama kuɗi tsayayye a kan kowane zubin da mutum ya yi a wurin haɗari, daidai wa daida ga likita da mai mofa, a ciro sunaye daga rajistar shiga ɗaki ba daga jerin ofis ba, a biya duk mako biyu kai tsaye a asusun mutum.

Wanda ake biya da yini, in bai zo ba babu, ba zai taɓa cewa yana jin zazzaɓi ba. Zai sha farasitamol ya shigo ya goge gadaje 30. A 2020 killacewar korona kwana 14 ce, sa ido a kan wanda ya taɓa mai Lassa kwana 21. Wa zai ciyar da gidansa? Hutun rashin lafiya da cikakken biya, da gwaji da magani kyauta, su shiga cikin kowace kwangilar shara da gadi da wanki, in babu kada a sa hannu. Doka ma tana nan. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, ta haɗa da cutar da aka ɗauka a bakin aiki, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi. Amma tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar cikin kwana 14, mai ɗaukar aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara 1. Matar da ke takaba ba ta san da wannan ba, don haka a ɗora wa jami'i guda a kowane asibiti alhakin cike takardun. Dokar fansho ta 2014 kuma ta tanadi inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Jihar da ba ta shigar da wannan cikin dokarta ba ta shigar, wadda ta shigar ta tabbata ana biyan kamfanin inshorar.

Ranku ya daɗe, duk abin da muka lissafa yana farawa ne da takarda guda. Muna roƙon kowane Kwamishina ya umarci kowane asibiti, babba da ƙarami, ya kawo sunan duk wanda ke aiki a cikinsa, har mai yankan ciyawa: aikinsa, wanda ke biyansa, ko yana da kati, girman safarsa da takunkuminsa, ko an yi masa rigakafin ciwon hanta, ranar da aka yi masa horo na ƙarshe, da sunan magajinsa. A haɗa da ƙidayar abin da ke sito da ranar lalacewarsa. Lassa takan fara tashi ne daga Disamba, don haka takardun su iso teburinku kafin ƙarshen Oktoba.

Allah ya ja zamaninku, ya jiƙan abokan aikin da suka riga mu.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan sashen hana yaɗuwar cuta a asibitocin Arewa